Tsattsewa da yanayi: me ke sa wata shekara ɗiyan su tashi lafiya, wata shekarar su mutu a sheƙa?

A tsakiyar watan Satumba na 2024, lokacin da mu nan Nijar muke fama da ambaliya, wata guguwa mai ruwa da sanyi da anka sa wa suna Boris ta faɗa wa tsakiyar Turai, kuma ban da gidaje da hanyoyi da ta lalata, a ƙasar Ostiriya an riƙa tsintar tsattsewa matattu da dubbai a gindin bango da bakin taga. Kafin nan a watan Afrilu na 2020 an ga irin haka a Girka, iska mai ƙarfi ta tare su bayan sun tsallako teku sunka zube a titi. A watan Yuni na 2022 kuma zafi ne ya yi ɓarnar a kudancin Sifen, ɗiya sunka yi ta faɗowa daga sheƙa a biranen Sabiya da Kordoba.

Duk sanda irin wanga labari ya yi yawo a Facebook ko WhatsApp sai ka ji magana ta rabu a fada. Wani ya ce ai shi ya sa tsattsewa ta ragu a Tahoua, wani ya ce ina ta ragu, je ka barandar masallacin unguwarmu ka gani, wani kuma tambayarshi ita ce to wai sanyi ke kashe su ko zafi, tunda labaran biyu kamar suna karo da juna. Ba su karo da juna, sai dai kafin a gane sai an san wace tsuntsuwa ake magana, da me take gini, kuma me take ci.

Ba iri ɗaya ba ce

Waɗanda muke gani suna shawagi da maraice sun kasu aƙalla gida uku.

Akwai ƴar gida, wadda ke yin sheƙarta nan cikin zaure da shago da baranda da aji na makaranta. Wadda ta fi yawa a wanga yanki na Sahel ita ce wadda masana ke kira tsattsewar Habasha, Hirundo aethiopica a sunan kimiyya, ana samunta tun daga Senegal har Habasha. Bayanta baƙi mai sheƙi kamar shuɗi, goshinta ja-ja, maƙogwaro da ciki fari-fari, wutsiya ba ta cika tsawo ba. Akwai ƴan uwanta da ke bin ruwa, masu gini ƙarƙashin gada da kwalbati a bakin kogin Isa, wasunsu ma sheƙarsu rufaffiya ce da ƴar ƙofa kamar wuyan buta.

Akwai baƙuwa, Hirundo rustica, mai jan maƙogwaro da baƙin layi a ƙirji da doguwar wutsiya mai reshe biyu. Ita a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa take haihuwa, ba ta yin ƙwai a nan ko kaɗan. Ta Turai tana tsallako Sahara wajen Satumba da Oktoba, ta ratsa ta kanmu ta yi kudu, sannan ta koma wajen Maris da Afrilu. An tabbatar da wagga tafiya tun da daɗewa: wata da anka sa wa zobe a ƙafa a Ingila cikin 1911 an same ta a Natal, Afirka ta Kudu, a watan Disamba na 1912. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce giram 20 ba fa, kamar ƙwayar sukari huɗu ta shayi. A Boje, jihar Kuros Riba ta Najeriya, akwai wurin da suke kwana cikin ciyawa da miliyoyi lokacin rani.

Sai ta uku, wadda kama ce kawai ta haɗa su amma ba dangi ba ne. Ita ce baƙar nan mai farin ƙugu da ke tashi garke-garke tana tsuwa kusa da manyan gine-gine da gadoji. Ba za ka taɓa ganinta zaune kan wayar lantarki ba, ƙafafunta gajeru ne, sai dai ta maƙale a bango, kuma ba ta gini da laka, gashin tsuntsu da ciyawa take cafkewa a iska ta manne su da yawunta. Ƴar uwarta siririya mai bin giginya da goruba har ƙwan nata take mannewa da yawu a jikin ganye don kar iska ta kaɗo shi. Ɗiyan da sunka faɗo a Sifen a 2022 dangin wagga ta uku ne. Wanda ya riƙe wanga bambanci rabin ruɗanin ya tafi, don labarin Ostiriya na baƙi ne da ke shirin tahowa, bai taɓa sheƙar da ke cikin zaurenka ba.

Yadda ake ginin sheƙa

Mai ginin laka abu huɗu take nema: taɓo mai danƙo, bango mai kaushi da zai riƙe shi, rufi a sama da zai kare ruwa, da fili kusa inda ƙwari ke tashi. Namiji da mace tare suke aikin. Sukan sauka bakin tabki ko kori ko inda ruwan famfo ya kwanta, su ciko baki da laka, su haɗa da ƴar busasshiyar ciyawa, su zo su liƙa. Sheƙa ɗaya takan ci curin laka wajen dubu, kowane curi tafiya guda kenan zuwa da dawowa, shi ya sa nisan taɓo daga gida ba ƙaramin abu ba ne a wajensu. In ka ɗaga kai ka dubi sheƙa da kyau za ka ga layi-layi ne kamar jerin tubali, wani layin ja wani toka-toka, alamar daga wuri daban-daban anka ɗebo lakar ko a ranaku daban-daban. Sun fi aiki da safe su bar abin da sunka ɗora ya sha iska, don in sunka yi ta ɗorawa bisa ɗanye nauyi zai ja shi ƙasa. Daga ƙarshe a shimfiɗa ciyawa mai laushi da gashin kaji a ciki. Mako ɗaya zuwa biyu aikin ke ɗauka in komi ya tafi daidai.

Lissafin da anka fi sani shi ne na baƙuwar, don ita anka fi bincike a kai: ƙwai 4 zuwa 5, kwanci wajen mako biyu, ɗiya su yi wajen mako uku a sheƙa kafin su tashi, kuma in shekara ta yi kyau a sake zubi na biyu. Ƴan gida nasu ƙwan yakan ɗan gaza haka. In ka haɗa gini da kwanci da reno, kusan wata ɗaya da rabi kenan ake bukata ba tare da wata babbar matsala ta gitta ba. Shi ya sa suke son tsohuwar sheƙa, gyara kaɗan sai a shiga, an rage kwanaki da wahala, illarta kawai ƙananan ƙwari masu shan jini da kan taru a ciki in ta daɗe.

Sanyi da ruwa ta hanyar ciki suke kisa

Tsattsewa ba ta tsintar hatsi, ba ta tonon ƙasa. Abincinta gaba ɗaya abin da ke tashi a iska ne, ƙuda da ƙananan ƙwari da tururuwa mai fiffike, a cikin tashi take kama su. Su kuma ƙwari tashinsu ya dogara da ɗumi. Binciken da anka yi a Itaka, jihar Niwyok ta Amurka, kan wata tsattsewa mai sheƙa a kogon itace, ya nuna in zafin rana bai kai wajen digiri 18 da rabi ba ƙwarin da ke tashi suna raguwa sosai, kuma in anka jera kwanaki a haka ɗiya na mutuwa da yawa. Ruwa mai dukan ƙasa ba tsayawa da iska mai ƙarfi su ma haka suke yi, ƙwari su lafe cikin ganye, sama ta zama wayam.

Abin ya fi muni a makon farko bayan ƙyanƙyasa. Ɗiyan tsirara suke, ba su iya riƙe ɗumin jikinsu, dole uwa ta zauna bisansu. In ta zauna ba abinci, in ta fita nema kuma abincin ya yi wuya ta daɗe a waje, ɗiya su sandare. Waɗanda sunka girma kuma cikinsu ya fi faɗi, iyaye sai sun yi sawu ɗaruruwa a wuni guda, to wuni biyu ko uku na ruwa ba ƙaƙƙautawa ya isa ya kashe sheƙa ɗungurungum ko da rufin bai yi yoyo ba. Dangin mai farin ƙugu sun ɗan fi juriya a nan, ɗiyan wadda ke haihuwa a Turai sukan saukar da zafin jikinsu su yi lamo kamar sun suma har kwanaki ba ci, masu ginin laka ba su kai su wagga dabara ba.

Manya ma ba su tsira ba. A ƙarshen watan Mayu na 1996 an yi kwana shida na sanyi da ruwa a Nebraska ta Amurka, masu bincike da ke bin tsattsewar da ke gini ƙarƙashin gadoji a can sunka lissafa sama da rabi sun mutu. A kakar 1974 sanyi ya sauko da wuri a Suwis da kudancin Jamus ya tare su kafin su tsallake duwatsun Alf, har mutane sunka riƙa tattara su cikin kwalaye ana sa su a jirgin sama da jirgin ƙasa ana kai su kudu inda ke da ɗumi. Abin da ya faru a 2024 irin wannan ne.

Maganar da manya ke yi cewa in tsattsewa na tashi ƙasa-ƙasa ruwa na kusa, tana da tushe a nan. In iska ta yi sanyi da laima gab da hadari ƙwari ba su hawa sama, ita kuma inda abinci yake nan take bi.

A Adar, yankin Tahoua, lissafin ya juye

Mu nan sanyin da zai hana ƙwari tashi lokacin haihuwa ba shi ne damuwa ba. Namu ruwa ne da zafi. Tahoua takan samu ruwan da bai kai milimita 400 ba a shekara in an ɗauki matsakaici, Yamai ta ɗara 500, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ruwan farko shi ke kawo abu biyun da tsattsewa ke jira, taɓon gini da ƙwari. Duk wanda ya ga yadda suke rububin shinge, garar nan mai fiffike da ke ɓullowa bayan ruwa, ya ga lokacin wadatarsu. Saboda haka ƴan gida galibi daga gab da damina zuwa cikinta suke haihuwa, kusan lokacin da shamuwa ke dawowa ta hau itacen tsakar gari. Waɗanda ke kusa da ruwan da ba ya ƙafewa, kamar tabkin Tabalak ko bakin kogi a Yamai ko garake masu ban ruwa, suna da damar farawa da wuri fiye da na tudu.

In damina ta yi jinkiri ginin ma jinkiri yake, don busasshen rairayi ba ya liƙuwa. Lakar da rairayi ya yi wa yawa kuma ko an gina takan tsage ta ɓalle da nauyin ɗiya. Mafi hatsari shi ne abin da manomi ma ya fi tsoro, a yi ruwan shuka sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. An riga an yi ƙwai, ɗiya sun fito, sai ƙasa ta bushe ƙwari su ja baya daidai lokacin da bakuna biyar ke buɗe. Jimillar ruwan shekara na iya fitowa daidai a takardar meteyo alhali ɓarnar ta riga ta auku, don yadda ruwan ya rarrabu cikin kwanaki shi ne abin dubawa.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu inuwa kanta takan wuce digiri 40 a Tahoua da Yamai, a farkon Afrilu na 2024 ma an auna 48.5 a Kayes ta Mali. Ƙwan tsuntsu ɗumin da yake so bai kai 40 ba, in ya daɗe sama da 41 ɗan da ke ciki mutuwa yake. To sheƙar da ke manne ɗan taƙi kaɗan ƙarƙashin tol da tsakar rana tana shan zafin da ya fi na waje nesa ba kusa ba. Ɗiya ba su shan ruwa, ruwan jikinsu daga ƙwarin da ake ba su yake fitowa, suna haki suna rasa shi, sai su yi ta matsowa bakin sheƙa neman iska har su faɗo gashinsu bai gama fitowa ba. Ginin ƙasa mai azara da rufin laka ba ya yin haka, shi ya sa canjin da ake yi daga soro zuwa tol da siminti mai santsi da fenti ya taɓa su ta fuska biyu, wurin liƙa laka ya ragu, wanda ya rage kuma ya fi zafi.

Ruwa mai yawa shi ma yana da nashi. Wani bincike da ya fito a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar ta shafi sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Zinder ya rushe. Bangon ƙasa in ya jiƙe sheƙar da ke jikinshi saki take, masu gini cikin kwalbati da ƙarƙashin ƙananan gadoji kuma kori in ya ciko lokaci guda yake tafiya da su.

Farinmu yana kaiwa har Turai

Wanga ɓangare mutane da yawa ba su san shi ba. Akwai wata ƙaramar tsattsewa mai launin ƙasa da ke haƙa rami a gaɓar kogi a Turai ta yi ƙwai, ita kuma a Sahel take cin rani, bakin tabkuna da fadamu. Bayan raunin daminar 1968 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga adadin waɗanda sunka koma a 1969 ya faɗi warwas, haka ya sake faruwa wajen 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari. A Hungari ma, a bakin kogin Tisa, an bi su shekara da shekaru an ga yawan waɗanda ke rayuwa su koma yana hawa da sauka tare da ruwan da anka samu a Sahel. Tabki in ya ƙafe da wuri ba ƙwari, tsuntsuwa ba ta tara ƙarfin tsallake Sahara, wadda ta tsallake ma takan isa a makare kuma a rame, ta yi ƙwai kaɗan ko ta rasa zubi na biyu.

Sauyin yanayi ne ko wani abu daban?

A nan masana ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ɓangare na farko suna ɗora nauyin raguwar tsattsewa a kan sauyin yanayi. Hujjarsu ita ce lokacin haihuwa ya matso gaba, a Amurka ta Arewa an ga mai sheƙar kogon itace ta matso da yin ƙwai da wajen kwana 9 tsakanin 1959 da 1991, kuma wanda ya yi sammakon haihuwa ya fi shiga haɗarin sanyin bazata, tunda ɗumamar duniya ba ta hana a samu kwanakin sanyi a farkon lokaci ba. Su ƙara da zafi mai tsanani da guguwa a kan hanya.

Ɓangare na biyu suna cewa yanayi mummuna daɗaɗɗen abu ne, kuma tsattsewa na da saurin maido da asara, shekara biyu ko uku masu kyau da zubi biyu-biyu sun isa su cike gurbi. A ganinsu abin da ke rage su a hankali shi ne abinci da wurin gini. A Jamus binciken da ya fito a 2017 ya nuna nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da sama da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27, kuma a wuraren da ake karewa ma. An kuma daɗe da lura cewa gonar da ta daina kiwon shanu tsattsewarta raguwa take, don kashin dabba shi ke tara ƙuda.

In ka auna maganganun biyu za ka ga kowa ya kama gefe ɗaya ne. Yanayi shi ya fi bayyana bambancin bana da bara, abinci da gine-gine su sunka fi bayyana raguwar shekara ashirin ko talatin, kuma inda abinci ya riga ya yi ƙaranci kwana uku na mugun yanayi ya fi yin kisa. Ya kamata a faɗi wannan ma: ɗumi ba kullum ne sharri a gare su ba, a ƙasashen sanyi bazara mai ɗumi ba fari takan ba su damar zubi na biyu har na uku. Kuma baƙuwar mai jan maƙogwaro duk da raguwar da ta yi a wasu ƙasashe har yanzu tana cikin tsuntsayen da sunka fi yaɗuwa a duniya, ba ta cikin jerin masu shirin ƙarewa.

Abin da ya shafi mai gida da manomi

Amfaninta a fili yake, sheƙa ɗaya mai ɗiya na cinye ƙwari dubbai a wuni, galibi ƙuda da makamantansu, abin da mai turke da mai garka da mahauci ke maraba da shi. Sai dai kar a zuzuta, masu cewa tana maganin sauro sun wuce gona da iri, don ita da rana take farauta kuma ta fi son ƙwaro mai ɗan girma, sauron zazzaɓi kuwa da dare yake fita. Gidan sauro na nan a matsayinshi.

Masu fasa sheƙa su ma suna da hujja, kashi a kan tabarmar salla ko kan kayan shago ba abin wasa ba ne. Amma ƙazantar ba ta dukan lokaci ba ce. Kwanakin farko iyaye ne ke ɗauke kashin a baki su yar nesa, sai ɗiya sun kai wajen kwana goma sha biyu suke juya baya su saki ta bakin sheƙa, ke nan matsalar ta mako ɗaya ce da ƴan kwanaki. Katako ko kwali da anka kafa wajen rabin mita ƙasa da sheƙar yana tare shi, in ya matsa kusa sosai kuma ya zama matakalar kyanwa. Wanda ba ya son sheƙa a wuri sam, lokacin cirewa shi ne rani bayan sun tashi, ko ranar farko da sunka fara liƙa laka, ba bayan an yi ƙwai ba. A Faransa abin har doka ne, fasa sheƙar tsattsewa na iya kai mutum ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 150,000, sama da miliyan 98 na sefa kenan.

Wanda sheƙa ke ƙarƙashin tol ɗinshi, zana ko karan dawa da aka shimfiɗa bisa rufin daidai wurin yana rage zafin, ga mutanen ɗakin ma. In ruwa ya yi jinkiri ɗan wuri mai laka da ake jiƙawa kusa da famfo ko wurin shan dabbobi yana wadatar da su. Feshin piya-piya cikin ɗaki mai sheƙa yana kashe ɗiya kai tsaye, feshin gona da na jan-baki da fara kuma yana rage abincinsu, shi ya sa lokacin feshi da iyakar wurin da za a fesa ke da muhimmanci. Ɗan da ya faɗo da rai in sheƙar na nan a mayar da shi, iyaye ba su ƙin shi don hannun mutum ya taɓa shi, in kuma ta fashe ƴar ƙwarya ko gwangwani da anka huda gindinshi aka ɗaure a wurin da take yana iya maye gurbi. Kar a ba shi gero ko tsaki ko madara, cikinshi ƙwari kawai yake narkarwa, kuma kar a ɗura mai ruwa a baki don yana iya shaƙewa.